Gatari Mai Baki Biyu: Bitar Wasan Masu Saran Itace na Ketchikan

Babu hanyar motar da ta haɗa Ketchikan da sauran duniya. Garin yana maƙale ne a gefen tsibirin Revillagigedo, a kudu maso gabashin Alaska, tsauni a bayansa, teku a gabansa, kuma mai son shigarsa sai dai ta ruwa ko ta sama. Ko wanda ya zo ta sama ma sai ya hau jirgin fito, don filin jirgin yana wani tsibirin dabam. Mazaunan garin ba su wuce 8,000 da 'yan kai ba, amma daga watan Mayu zuwa Satumba manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa suna sauke musu baƙi fiye da miliyan ɗaya. Baƙin nan kuwa ba kwana suke yi ba. Jirgi zai tsaya da hantsi, ya juye dubban mutane a bakin gaɓa, kafin magariba ya busa ƙaho ya kwashe kayansa. Duk mai abin nunawa a garin dole ya iya nuna shi cikin ɗan lokaci, kuma ko ana ruwa, domin ruwan saman da ke zuba a Ketchikan a shekara ya kusa mita 4.

Daidai wannan jikin aka yanka wa wasan da ake kira Great Alaskan Lumberjack Show riga. Rob Scheer, ɗan gidan masu wasan katako daga Hayward ta jihar Wisconsin, wanda shi kansa gwanin tseren hawan itace ne, shi ya buɗe shi a shekarar 2000. Dandalin yana kusa da inda jirage ke tsayawa, tafiyar ƙafa ce ta 'yan mintuna, a kan filin da tsohon injin yankan katako na garin, Ketchikan Spruce Mill, yake a da. Kujerun 'yan kallo suna da rufi da abin ɗumama wuri. 'Yan wasan ne kawai ke cikin ruwa, kuma su ba a fasa musu. Wasan yana ɗaukar kimanin awa ɗaya, ana maimaita shi sau da yawa a yini gwargwadon yawan jiragen da suka shigo.

Tsarin ba shi da wuya. Mai gabatarwa zai raba 'yan kallo gida biyu, rabi su goyi bayan sansanin Amurka, rabi na Kanada, a koya wa kowane ɓangare ihun da zai riƙa yi, sannan a fara kirga maki. Wannan rabon shi ne ginshiƙin wasan, kuma shi ne abu mafi rauni a cikinsa. Wanda ya taɓa zama a gidan dambe ya ga yadda 'yan Kudu da 'yan Arewa ke harare-harare ya san ɗanɗanon adawar da ke da saiwa, wadda mutum ya taso ya tarar. Ta nan kuwa a ƙofa ake raba ta tare da tikiti: kujerar da ka samu ita ce ƙasarka. Duk da haka tana aiki. Cikin minti goma za ka ga dattijon da ya shigo yana ɗaure fuska ya miƙe yana yi wa Kanada shewa, alhali bai taɓa taka ƙasar ba.

Abin da ya ceci wasan daga zama hayaniya kawai shi ne saran na gaske ne. Barkwancin haddace shi aka yi, faɗuwar da wani ke yi don a yi dariya shirya ta aka yi, amma gatari ba ya shiga gungume da ƙarya. A saran farko, mutum yana tsayawa ne a kan gungumen da aka kwantar, ƙafafunsa a ware a kan wurare biyu da aka ɗan fafe, yana sara a tsakanin ƙafafun nasa. Tazarar da ke tsakanin bakin gatarin da yatsunsa ba ta fi tafin hannu ba, gatarin kuma an wasa shi har yana aske gashi. Shi ya sa masu wannan sara a gasa suke sa wata safa ta sarƙar ƙarfe a cikin takalmi. In ka zuba ido da kyau za ka gane ba duka yake yi ba, lissafi yake yi: sara ɗaya daga dama, ɗaya daga hagu, kowanne yana buɗe wa na bayansa hanya, ɓallin itace yana tashi faffaɗa ba gutsi-gutsi ba. Da ya kai rabi sai ya juya a kan gungumen ba tare da ya sauko ba, ya kama ɗaya gefen. Kafin minti ɗaya ya cika gungumen ya rabe a ƙarƙashinsa, ya diro. Duk wanda ya taɓa yin faskare ya kwana da ciwon kafaɗa zai san abin da ya gani.

Wanda ya fi burge ni shi ne saran kan katakon tsayuwa. Ɗan wasa zai sari ɗan aljihu a jikin itacen da ke tsaye, ya soka wani siririn katako mai bakin ƙarfe a ciki, ya haye kansa, sannan daga can sama ya ci gaba da sara, katakon yana lilo a ƙarƙashinsa da kowane bugu. Wannan ba don burgewa aka ƙirƙiro shi ba. Manyan itatuwan gaɓar tekun Pasifik suna da gindi mai faɗi ƙwarai, ga shi sau da yawa a kan gangare suke, don haka masu sara na da sukan hau sama da kumburin gindin su yanka inda itacen ya fi siranta. Har yau akwai tsofaffin kututture a dazukan yankin da ke ɗauke da waɗannan aljihunan. A nan wasan ya yi abin da ya kamata wasa irinsa ya yi: ya ɗauko dabarar da ta mutu, ya sa ta a jikin mai rai, ka gan ta tana motsi.

Sauran zan wuce su da sauri. Akwai jan doguwar zarto, akwai zarto mai inji da aka yi wa garambawul har ƙararsa ke toshe kunne, wanda yara ke so, ni kuwa na ƙosa a kashe. Akwai sassaƙa 'yar kujera da zarton inji a miƙa wa wani yaro cikin 'yan kallo. Akwai tseren hawan dogayen turaku biyu masu tsayin kimanin mita 15, da igiya a ƙugu da ƙarfe a ƙafa, inda saukowar ta fi hawan ban tsoro, don kusan sakin jiki suke yi. Sai mirgina gungume a kan ruwa, mutum biyu a kan itace ɗaya kowa yana neman jefa ɗan'uwansa, wanda shi ne ya fi jawo dariya ta gaskiya, saboda a nan ko 'yan wasan ba koyaushe suke sanin wa zai jiƙe ba.

A tsakiyar wannan duka ne ake jifan gatari, kuma shi ne ya fi kowanne shiru. Gatarin baki biyu gare shi, kaifi gaba kaifi baya, ƙotar ta shiga ta tsakiya. A ƙa'idar gasar masu saran itace, mai jifa yana tsayawa ƙafa 20 daga allon, wato mita 6 da ɗan ɗoriya. Allon kansa yankakken gindin itace ne da aka zana wa da'ira biyar, tsakiyarsa tana ƙafa 5 daga ƙasa, mai maki 5, sauran suna raguwa zuwa 1. Mutum zai kama ƙarshen ƙotar da hannu biyu, ya kai gatarin bayan ƙeyarsa har bayansa ya lanƙwasa, ya dawo da shi ta saman kai, ya sake. Gatarin zai juya sau ɗaya tak a iska, a hankali har kana iya binsa da ido, sannan ya kafe cak. Babu gumi, babu haki. Bayan rugugin zarto da ihun Amurka da Kanada, wannan ɗan shirun da ke tsakanin sakin gatari da kafewarsa shi ne lokacin da na ga dandalin gaba ɗaya ya haɗiye numfashi.

Dalilin da ya sa nake ganin nan ne zuciyar wasan shi ne wannan: yawancin sauran abubuwan aiki ne da zamani ya kashe, aka yi musu kwalliya aka hau da su dandali. Jifan gatari kuwa bai taɓa zama aiki ba. Ba a taɓa kayar da itace da jifa ba. Abin da ma'aikatan sansanonin daji ke yi ne in an tashi daga aiki, a nesa da gida, babu abin yi sai kayan aikin da ke hannu da kututturen da ke gabansu. Wasa ne tun asali, na baƙin da zama ya haɗa. Saboda haka shi kaɗai ne ɗan yawon buɗe ido zai iya ɗauka ba tare da ya yi shigar burtu ba. In ka ba matafiyi zarto ka ce ya ja, kwaikwayon ma'aikaci yake yi. In ka ba shi gatari ka ce ya jefa, abin da masu abin suka yi shi ma yake yi, da irin dalilin da suka yi shi.

Masu wasan sun gane haka, don suna sayar da wani tikiti na daban da ke ba ayari damar shiga su gwada jifan da kansu, 'yan wasan suna koya musu, a ɗan yi atisaye, sannan a yi 'yar gasa. A ganina wannan ƙarin ya fi rabin abin da ke cikin babban wasan daraja.

Abin da ke faruwa a layin jifa kusan iri ɗaya ne ko'ina ake wannan wasa. Ƙato zai fara fitowa, wanda tun a jirgi shi ke da babbar murya. Zai ɗaga gatari ya maka da iya ƙarfinsa, gatarin ya bugi allo da gefe, ya yi ƙwal, ya faɗo ƙasa yana birgima. Zai sake, ya ƙara ƙarfi, ya ƙara faɗuwa. Sai wata baiwar Allah da ta zo rakiyar jikoki, wadda da ƙyar aka lallashe ta ta karɓa, ta yi daidai abin da mai koyarwa ya ce don ba ta da wani ra'ayi nata a kan gatari: ta miƙe hannu, ta taka ƙafa ɗaya gaba, ta sake shi kamar ba ta so. Sai ka ji tim, ƙara mai nauyi wadda ba ta da amsa-kuwwa, ƙotar tana ɗan rawa. Wanda ya ji bambancin ƙwal da tim sau ɗaya ba ya bukatar ya kalli allo ya san sakamako. Ita kanta sai ta juyo tana duban mutane, tana neman wanda zai tabbatar mata ita ce ta yi.

Ba sa'a ba ce. Juyawar gatari a iska tana bin tsawon ƙota da zagayen hannu ne, ƙarfi ba ya gyara ta. Abin da mai jifa ke da iko a kai shi ne inda ya tsaya da lokacin da ya sake. In gatarin ya wuce juyi har saman kansa ya bugi allo, sai ka matso gaba kaɗan. In bai gama juyawa ba, ƙota ta riga baki isa, sai ka ja baya. Wuyan hannu kuma a bar shi a sandare, don da ka karkaɗa shi ka ƙara wa gatarin juyin da ba ka iya aunawa. Gyaran duka bai fi rabin taki ba. Shi ya sa mai koyarwa nagari ba ya yawan magana: zai kalli jifa biyu, ya nuna maka inda za ka sa ƙafa, shi ke nan. Allon ma ana taimaka masa, da itace mai laushi ake yinsa, a riƙa fesa masa ruwa don ya karɓi kaifi.

Ga ayarin matafiya, amfanin abin ya wuce maki. Mutanen da suka kwana suka tashi tare a hanya sun riga sun jera kansu: ga mai kuɗin da ya biya, ga babba, ga mai surutu, ga wadda ba a jin bakinta. Gatari bai san wannan jerin ba, kuma cikin rabin awa yakan birkita shi ba tare da ran kowa ya ɓaci ba, domin kowa sabon shiga ne, faɗuwa ba abin kunya ba ce. Mutum ɗaya ko biyu ke jifa a lokaci guda, sauran suna baya suna kallo, suna tsiya, suna ba da shawarar da su ma ba su iya bi ba. Kuma ba ya bukatar harshe. Wanda Turancinsa bai taka kara ya karya ba, wanda barkwancin mai gabatarwa ya wuce ta saman kansa tun ɗazu, a layin jifa daidai yake da kowa. Dokokin tsaro kaɗan ne kuma hankali ya yarda da su: takalmi rufaffe, kada a je ciro gatari sai na kusa da kai ma ya jefa nasa, in kuma ya yi tsalle ya dawo, a kauce, kada a ce za a cafe.

Wanda bai kai Alaska ba zai iya samun wannan ɓangaren a manyan birane da yawa yanzu, kuma asalin yaɗuwarsa daga Kanada ne. A 2006 wani mutumin Toronto, Matt Wilson, ya fara tara abokai a bayan gidansa suna jifa, abin ya zama ƙungiyar da ake kira BATL, wadda ta koma cikin gini a 2011. A 2014 Mario Zelaya ya buɗe Bad Axe Throwing a Burlington ta lardin Ontario, a 2017 kuma ya kafa World Axe Throwing League, wadda har tashar ESPN ta riƙa nuna gasarta. A waɗannan zaurukan ƙaramin gatari mai baki ɗaya ake jefawa, daga tazarar da ba ta kai ta masu saran itace ba. A tsarin da ya fito daga BATL, tsakiya maki 5 ce, sai 3, sai 1, sannan akwai ɗigo biyu kore a can sama masu maki 7, waɗanda sai ka faɗa da bakinka cewa su za ka nema kafin jifanka na ƙarshe a zagaye. Wannan 'yar dokar ta faɗa-kafin-ka-jefa dabara ce mai kyau, tana fito da halin mutum fili. Abin da ban gane hikimarsa ba shi ne yadda zauruka da yawa suka haɗa jifan da sayar da giya, kamar kaifi da maye sun taɓa zama abokan arziki. Na Ketchikan ya fi su da abu ɗaya: kafin a ba ka gatari ka riga ka ga abin da yake yi wa gungume a hannun gwani, don haka da ladabi kake karɓarsa.

Inda wasan ya gaza shi ne tarihi, kuma gazawar ba ƙarama ba ce tunda da sunan Alaska yake cin abinci. Yawancin abin da ke kan dandalin daga al'adar gasar Wisconsin aka kwaso shi, inda ake gasar duniya ta masu saran itace a Hayward tun 1960. Mirgina gungume, alal misali, gadon masu kora katako ne a kogunan yankin manyan tafkuna da gabashin Amurka. Kudu maso gabashin Alaska tana da nata labarin da ya fi wannan ban mamaki: mutanen da ke kayar da itace a kan gangare su zurara shi kai-tsaye cikin teku, da sansanoni sukutum, har da gidaje, da aka gina a kan gungumen da ke yawo a ruwa, ana jansu daga wannan lungu zuwa wancan. Itacen da ake kira Sitka spruce, mai ƙarfi ga rashin nauyi, har jiragen sama aka ƙera da shi a zamanin yaƙin duniya. Kaɗan daga wannan ne ke samun shiga tsakanin barkwanci da barkwanci.

Sannan akwai abin da ya faru jiya-jiya. Dajin Tongass da ya kewaye garin, wanda aka keɓe a 1907, shi ne dajin gwamnati mafi girma a Amurka, kusan eka miliyan 17. A 1954 aka buɗe masana'antar niƙa itace ta Ketchikan Pulp Company a Ward Cove, arewa da gari, bisa yarjejeniyar shekara 50 ta samun itace daga dajin. Ita ta riƙe garin shekaru da dama, ita kuma ta aske tsaunuka da yawa ƙwal. An ce sara da sassaƙa ba ya hana gamji toho, amma itacen da ya shekara ɗaruruwa kafin ya kai girmansa ba ya dawowa a rayuwar wanda ya sare shi, ko ta jikansa. Majalisar dokokin Amurka ta taƙaita saran da wata doka a 1990, masana'antar niƙa itace ta garin Sitka ta rufe a 1993, ta Ketchikan ta bi baya a 1997, mutum kimanin 500 suka rasa aiki a garin da bai fi cikin cokali ba. Shekara 3 bayan haka aka buɗe wannan wasan. Ita kuwa Ward Cove, tun 2021 ta zama matsayar jiragen 'yan yawon shaƙatawa. Ba na cewa a mayar da awa ɗaya ta nishaɗi zaman makoki. Amma mutanen da ke tafa wa mai sara sun cancanci a gaya musu, ko da cikin jimla uku ne, cewa sana'ar da suke kallo ba tatsuniyar kaka da kakanni ba ce, akwai waɗanda suka yi ta suna nan da ransu a garin, kuma har yau ba a gama jayayya a kan dajin ba.

Haka nan ba a ba mutanen da suka riga kowa sanin itacen wannan ƙasa wani gurbi na a zo a gani ba. Tlingit da Haida da Tsimshian sun daɗe suna kayar da manyan itatuwan da ake kira cedar, suna fafe kwale-kwale, suna sassaƙa dogayen turakun nan masu siffofin dangi da tarihi, tun kafin a kawo gatari mai baki biyu yankin. Kayan aikinsu gizago ne, kuma sawun gizagon a jikin itace, layi bayan layi, shi kansa ado ne. Ketchikan na cikin wuraren da suka fi ko'ina tara waɗannan turaku, a Totem Bight, da Totem Heritage Center, da ƙauyen Saxman inda shahararren masassaƙin nan na Tlingit, Nathan Jackson, ya daɗe yana aiki a rumfar sassaƙa a gaban masu ziyara. Ayarin da ke da sauran lokaci bayan jifa, Saxman ba ta fi tafiyar 'yan mintuna a mota ba daga dandalin. In kuma lokaci ya ƙure, cibiyar Southeast Alaska Discovery Center tana nan maƙwabtaka da wurin wasan, kuma a can ne ake ba da labarin dajin da mutanensa wanda dandalin ya tsallake.